Gini ya kai taga, ku ba ni shawara kafin a ɗaura linta

Baban Yara Uku:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma kafin Asabar. Shekara shida ke nan ina gidan haya, ciki da falo, kowane ɗaki taga ɗaya, ita ma katangar maƙwabci take kallo, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. A watan Afrilu in an ɗauke wuta, ƙarfe biyun dare ka dafa bango ka ji shi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Maiɗakina takan jiƙa zani ta shimfiɗa wa yara, kafin awa guda ya bushe ƙamas. Autanmu bana ƙurajen zafi sun feso masa a wuya da gadon baya, in gumi ya taɓa wurin sai kuka. Ƙarshenta tabarma muke ja mu fita tsakar gida, sauro ya karɓi rabonsa.

To Allah ya hore, na samu fili 50 da 50 a bayan garin Kano, gini ya kai taga. Ɗaki uku, falo da kicin. Birkila ya ce Asabar zai fitar da tagogi. Uwargida ta dage sai manyan tagogin silaidin, wai su ke kawo iska. Ni kuwa tsorona kada a gudu ba a tsira ba.

Ɗan Sola:
Wa alaikumus salam. Malam ka huta da wahala, ka sa sola da AC kawai. Zamani ya wuce jiran iskar Allah.

Maman Biyu:
Kai Ɗan Sola, mutum yana lissafin buhun siminti kana yi masa maganar batir? In da kuɗin yana nan ai ba zai tambaye mu ba.

Injiniya:
Allah ya sa albarka a gini. Kafin in ce komai, faɗa mini abu uku. Ina titi yake? Ta wane ɓangare ka jera ɗakunan? Ka bar lungu a baya, ko bangon ɗaki shi ne katanga?

Baban Yara Uku:
Injiniya, titi yana kudu, ƙofar gida nan take kallo. Falo da ɗaki biyu suna jere a arewa, suna fuskantar tsakar gida. Na bar lungu ƙafa huɗu a bayansu saboda magudanar ruwa. Ɗaki na uku da kicin suna yamma, su kam bangonsu a kan iyaka yake. Birkila ya ce tagogi duk ta tsakar gida za a yi su, wai taga ta baya asarar kuɗi ce tunda katanga za ta kalla.

Injiniya:
To ka yi sa'a ba ka sani ba, birkilanka kuma yana shirin zubar maka da ita. Wannan lungun shi ne dukiyar gidan.

Ka ɗauki kwalba ka hura bakinta, iska ba za ta shiga ba, don ba ta da mafita. Haka ɗakin hayarka yake. Iska in ta bugi gini, ɓangaren da ta buga yakan cika da matsi, bayansa kuma ya zama kamar ana zuƙo ta. In akwai kafa a ɓangarorin biyu, sai ta ratsa ta tsakiyar ɗaki ta wuce. Taga ɗaya komai girmanta iskar bakin taga kawai take motsawa. Ƙananan tagogi biyu a bango biyu masu fuskantar juna sun fi ƙatuwa ɗaya. A lissafin da muke yi, ɗakin da iska ke ratsawa zai iya kai zurfin ninki biyar na tsayin silin ta ci gaba da aiki, mai taga a gefe ɗaya kuwa ninki biyu ko biyu da rabi ne iyakarsa, kuma ko a nan ba lallai ka ji ta a jikinka ba.

Sannan jerin ɗakunanka ya yi daidai da iskar ƙasar nan. Daga bazara zuwa ƙarshen damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, ta taso daga teku. Da hunturu ta juya ta fito daga arewa maso gabas. Tagogin kudu da arewa suna kama duka biyun a karkace, kuma iskar da ta shigo a karkace ta fi zagaya ɗaki fiye da wadda ta shigo ɗoɗar ta fice ɗoɗar. Rana ma ba ta damun bangon kudu da arewa sosai, Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, da tsakar rana kusan a ka take, ɗan baki na rufi ya isa ya yi wa taga inuwa. Bangon gabas da na yamma ne rana ke duka kai tsaye.

Batun silaidin, ka ba uwargida haƙuri. In ka sayi mai faɗin ƙafa huɗu, ƙafa biyu ka saya, don gilashi ɗaya bayan ɗaya yake shigewa. Mai murfi da ake turawa waje tana buɗewa kusan duka, murfin ma yakan taro iska ya jefo ta ciki.

Tsohon Magini:
Sallama ga jama'a. Jikana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Injiniya ɗana, maganarka da gaskiya a ciki, amma ka bar rabi a hanya. Ka ce a buɗe iska ta ratsa. Wace iskar? Ta ƙarfe biyun rana a bazara? Wannan ai hucin maƙera ce. Ka buɗe mata ɗaki sai ta gasa mai ciki.

Na yi shekaru ina ɗora tubali kafin bulo ya kore mu. Soron da muke yi kaurin bangonsa a ƙasa ya fi kamu biyu, yana sirancewa yana hawa. Rufi azara ce ta giginya, a jera, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a shafe da laso ko makuba. Taga kuwa 'yar mitsitsiya can sama kusa da rufi. Yaran yanzu suna cewa jahilci ne ya sa muke ƙanƙanta taga. Ba jahilci ba ne. Bangon ƙasa yini yake yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi. Da azahar ka shiga soro ka ji kamar ka leƙa randa. Da dare kuma in bango ya fara amayar da abin da ya sha, mutane suna tsakar gida ko saman soro, an bar ƙofa a buɗe sanyin asuba ya wanke ɗakin. Wanda yake shakka ya je Gidan Makama da rana tsaka ya tsaya ƙarƙashin bakan gizo, gani ya kori ji.

Abu na biyu, hadari daga gabas yake tasowa. Kowane magini ya san bangon gabas shi ke fara zaizayewa, shi ya sa muke ninka masa shafe, ba ma son buɗe masa baki. Wannan iskar kudu da kake faɗa ta shan iska ce, ta ruwa daban take.

Injiniya:
Allah ya ƙara girma Baba, na karɓi gyara. Haka yake ko a lissafi. Fatar mutum tana wajen digiri 34 zuwa 35. In iskar waje ta haura haka, kamar ranakun da ake 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, shigo da ita ƙarin zafi ne ga ɗaki. Amma da asuba takan sauko wajen 24 ko 25. Don haka a bazara a rufe tagogi da hantsi, a saki labule, fanka ta motsa ta ciki in da wuta, bayan isha a buɗe ko'ina har gari ya waye. Da damina ne ake barinsu a buɗe dare da rana, don lokacin laima ce ke damun mutum, gumi ba ya bushewa sai da iska.

Sai dai Baba, bulon inci tara mai rami ba ya riƙe sanyi kamar tubalinku. Kafin la'asar zafi ya ratsa shi. Kuma mutanen yanzu ba sa kwana a waje kamar da. Dole tagarmu ta fi taku girma, don dare ɗaya muke da shi mu fitar da zafin yini.

Tsohon Magini:
To ku kuka zaɓi bulon ai. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ɗan Sola:
Baba ya gama da Injiniya.

Maman Biyu:
Ku maza kuna ta gabas da yamma, ba wanda ya tambayi wadda za ta yini a gidan. Baban Yara, kun sa kicin a yamma, bango a kan iyaka. Ka san me hakan ke nufi? Ƙarfe huɗu, daidai lokacin ɗora tuwon dare, rana tana dukan bangon, ga wuta a gaba. Nawa kicin ɗin haka yake. In ina suyar miya sai na jingine ƙofa da turmi, na ɗaure ɗankwali a wuya saboda gumi, yaji ya turnuƙe har falo yara suna ta atishawa. Na roƙi maigida aka fasa bulo huɗu can sama aka sa raga, wallahi kamar an canja mini kicin.

Sannan tagar baya da Injiniya ke faɗa, ya za a yi da sutura? Gobe mai filin arewa ya ɗora bene, shi ke nan mace ba ta isa ta cire mayafi a ɗakinta ba. Abin da zai faru shi ne a sa labule mai kauri a rufe ruf, iskar da aka yi don ita ba za a gan ta ba. Ga ƙura. Da hunturu sau uku nake share ɗaki, har cikin kwanukan da ke kabad take shiga. Kada wanda ya ba ku shawarar luba a ɓangaren arewa, ba ta rufuwa da kyau, ta tsakanin gilasan ƙura ke tsiyayowa.

Malamin Islamiyya:
Hajiya ta taɓo abin da shari'a ma ta kula da shi. A Risala, inda aka kawo hadisin da ya hana cuta da cutarwa, cikin misalan da aka bayar har da buɗe taga kusa wadda mutum zai riƙa tsinkayar maƙwabcinsa ta ciki. Don haka wanda zai ɗora bene ma akwai haƙƙi a kansa. Amma dai tsare kai ya fi dogaro da adalcin wanda ba ka san shi ba tukuna.

Injiniya:
Hajiya, maganarki ce ta warware abin. Tagar baya ba sai ta zama irin ta gaba ba. A yi ta can sama, siririya mai tsawo a kwance, ƙasanta ya wuce kan mutum a tsaye. Ba a ganin kowa, ɓarawo ba ya shiga, kuma iska mai zafi dama sama take taruwa, ta nan za ta fice ko ba a kaɗawa a waje. Ita kuwa ta tsakar gida a sauko da ita ƙasa, kamar bulo uku ko huɗu daga daɓe. Mutane suna kuskure a nan, taga tana kan ƙirjin mutum, katifa tana ƙasa, iska ta wuce ta saman mai barci bai san an yi ba. A shigo da ita daidai gado, a fitar da ita kusa da silin. Ta saman dole ta kasance da murfi mai rufuwa gam, saboda hunturu ta wannan ɓangaren yake zuwa. Ƙurar nan mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, laushinta ya fi na gari, raga ba ta tare ta.

Raga ma tana rage iska sosai, musamman in ƙura ta toshe idonta. A ƙara girman taga saboda ita, kuma a riƙa wanke ta. Na sha shiga gidan da ake kukan zafi, in shafa raga yatsana ya fito ja.

Ɗalibi a Iran:
Bari in sa baki. Na je Yazd lokacin hutu, birni ne a hamada, zafinsa da bushewarsa kamar namu. Saman gidajensu akwai wasu hasumiyoyi masu tsaga-tsaga da suke kira badgir, wato makamar iska. Tana cafko iskar sama ta tura ta ƙasa cikin ɗaki, wani lokaci ta bi ta kan ruwa ta ƙara sanyi, ɗaya ɓangaren kuma yana zuƙo mai zafi ya fitar. Ta lambun Dolat Abad ta kai wajen mita 33, na tsaya ƙarƙashinta sai da na dafe hulata. UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2017. A Masar ma akwai irinta, malƙaf, tana kallon arewa inda iskarsu mai sanyi ke fitowa, mai zanen gini Hassan Fathy ya yi amfani da ita a gine-ginensa na ƙasa. Me zai hana a yi wa ɗakin yamman nan irinta, tunda ba damar taga?

Kafinta:
Ɗalibi, duk ramin da ka buɗe a rufi ni za a kira in ruwa ya zuba. Yazd ana ruwa irin na Agusta a Kano?

Injiniya:
Kafinta yana da hujja, can ruwan shekara kaɗan ne ƙwarai. Amma ba abin yarwa ba ne. In an ɗaga bangon ɗakin ya zarce rufi, aka buɗe masa baki yana kallon kudu maso yamma, ya juya wa hadarin gabas baya, ya juya wa hunturu baya. Sai dai yana son mai aikin da ya san kan abin, da murfi, da ragar hana jemage. A kan kuɗin Baban Yara ba zan ce a yi gwaji ba. Mai sauƙi shi ne taga a bangon kudu na ɗakin, wata a gabas ta tsakar gida ƙarƙashin rumfa inda feshin ruwa ba ya kaiwa, bango biyu masu kusurwa ma suna jan iska. In da hali a mayar da banɗaki da sito jikin bangon yamma su sha ranar a madadin mutum.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ba sai an je Iran ba, ku leƙo nan kusa. A Dandaji cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, an gama a 2018. A Yama kuma masallacin da Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini tun 1986. Sannan Francis Kéré na Burkina Faso, makarantar da ya yi a ƙauyensu Gando a 2001, dubi dabararsa: silin na tubali, kwano kuma an ɗaga shi sama a kan ƙarafa, iska tana wucewa tsakaninsu ta kwashe zafin kwanon kafin ya sauko kan yara. Mutumin nan ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, a 2022, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Mu kuma muna nan muna ɓoye kwano a bayan rawani, mu toshe ko'ina, mu sa baƙin rufi don ya yi kama da na Turai.

Kafinta:
Nan kam ka faɗi gaskiya. Ranar da na hau cikin silin wani gida da azahar gyaran yoyo, minti biyar ban yi ba na sauko jiri na ɗibata, guduma ma ba ta taɓuwa. Wannan zafin duk kan masu gida yake sauka da dare. Baban Yara, ka sa kwano mai haske, fari ko ruwan toka. A bar kafa a kusurwar rufi ta ɓangare biyu da ƙarƙashin baki, a rufe da raga. Kuma ka ƙara bulo layi biyu a saman abin da birkila ya saba, silin ya yi sama. Yanzu ne arha, in an buga rufi sai dai haƙuri.

Hajiyar Kumasi:
Ina karantawa ina murmushi. Mu nan zango in ka rufe taga da rana sai kaya su yi funfuna a cikin akwati. Zafinmu bai kai naku ba amma jiki kullum a jiƙe, luba ce ko'ina daga sama har ƙasa. Ƙanena ya kwaso zanen gida daga nan ya kai Katsina ya gina, gilashi ta kowane gefe. Hunturun farko matarsa ta bi tagogin da tsumma tana cusawa.

Malamar Asibiti:
Don Allah a ƙara da wannan, tunda an ce a rufe ɗaki. Rufewa da rana a bazara daban, toshe ɗaki da mutane a ciki daban. Lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau, manya ba su manta annobar 1996 ba, kuma cunkoso a ɗaki marar iska yana taimaka masa, haka ma tarin fuka. Da hunturu kuma kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, kada a ajiye janareta a wannan lungun na baya ƙarƙashin taga. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, mutum barci kawai zai ji.

Baban Yara Uku:
Subhanallahi. Malama, wallahi a lungun na yi niyyar ajiye shi.

Tsohon Magini:
Ɗana mai gini, ka je filin bayan isha da turaren tsinke. Ka kunna ka tsaya a tsakiyar kowane ɗaki, tunda ba rufi tukuna ka fita tsakar gida ma ka gwada, ka ga inda hayaƙi ke karkata. Mu da toka muke yi. Kuma kada ka shafe tsakar gida duka da siminti, ka bar ƙasa ka dasa darbejiya ko mangwaro nesa da tushen gini, ta yamma. Iskar da ta biyo ta inuwa da ƙasa mai yayyafi ba ɗaya take da wadda ta biyo ta kan daɓe ba.

Injiniya:
Da katangar gaba kuma. In ka kai ta ƙafa goma ta tare iskar kudu, a fili ƙarami irin naka duk tsakar gidan yana cikin inuwar iskarta. Layi biyu ko uku na sama a yi su da bulo mai huda.

Maman Biyu:
Sama da kan mai tafiya a titi dai, Injiniya. Har da wanda ke kan babur.

Baban Yara Uku:
Jama'a ga yadda aka kwana. Jiya na je da turare kamar yadda Baba ya ce, maigadin unguwa ya tsaya daga nesa yana kallona, ina jin ya ɗauka wani surkulle nake binnewa. Hayaƙin ta ƙofar gida yake shigowa ya nufi kusurwar arewa maso gabas. Yau da safe muka yi ta da birkila, ya ce shekara ashirin yana gini ba a taɓa sa shi taga a saman linta ba, kuma sai na ƙara kuɗin aiki. Mun daidaita. Falo da ɗakuna biyu za su samu ta sama a baya mai murfi, ta gaba an sauko da ita bulo huɗu daga daɓe. An ƙara layi biyu. Kicin za a fasa masa kafa a sama ta tsakar gida, janareta kuma ya koma bakin ƙofar gida. Uwargida ta yarda da mai murfi a ɗakuna, amma ta ce falo sai silaidin ko a fasa tarewa, na bar mata, na dai ƙara faɗinta.

Ɗakin yamma ne har yanzu ban san yadda zan yi ba, an riga an haƙa ramin masai a gabas, mayar da banɗaki can wani kuɗin ne. Kafinta, in an yi wa bangon rufi mai tsawo ba zai yiwu ba tunda kan iyaka yake. Akwai wata dabara?

Kafinta:
Turo hoton bangon da awonsa in gani. Ka kuma tambayi maƙwabcin naka na yamma yaushe zai fara nasa ginin, in ɗaki zai jingina a nan ya gama yi maka inuwa kyauta.